Jan Biro a Littafin Haya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, da gwiwar nan taki mai tashi in an yi ruwa. Mu nan lafiya lau, in dai lafiyar jiki ake nufi.

Yaya, na tafka abin kunya, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Kin tuna littafin nan da kika dame ni sai na karanta, na Gimbiya da mijinta Waziri, wanda labarinsa ya faru a wata fada shekara ɗari uku da suka wuce? Na ce miki na wuce shekarun karanta soyayya, kika ce in rufe miki baki in nemo. To na samo shi a shagon hayar littafi na bakin titinmu. Kwana huɗu na yi ina girki da hannu ɗaya.

Kin san halina. Shekara ashirin ina duba littattafan 'yan makaranta, hannuna bai iya zama babu jan biro ba. Da farko gyara nake yi, inda aka manta aya in ɗiga. Har na zo wurin da Gimbiya ta ci kwalliya tun la'asar ta zauna jiran Waziri, ya shigo ya dube ta sama da ƙasa, ya tambaye ta ko an kulle ƙofar baya. Sai kawai na ga hannuna ya rubuta a gefen shafi: "Nawa ma haka yake." Daga nan ban san inda na tsaya ba. Duk inda Waziri ya yi shiru, ni sai in yi magana. Ranar da wa'adin haya ya cika ina sauri zan makara, na miƙa wa mai shagon na wuce. Wallahi ko a raina.

Wata uku ke nan. Jiya a ofishin malamai sai malamar lissafi ta dafa ni ta ce, "Ke kin karanta na Mai Jan Biro kuwa?" Ashe yanzu ba a ma kiran littafin da sunansa. Ta ce layi ake bi, ita sai da ta jira sati biyu. Wai wata baiwar Allah ce ta zazzage cikinta a gefen shafi, sauran masu karatu kuma suna ba ta amsa da fensir a ƙasa. Wata ta rubuta, "Sannu 'yar'uwa." Wata ta ce, "Ke gode wa Allah, naki yana shigowa gida." Wani namiji ya ce mu mata ba a iya mana. Malamar tarihi kuwa cewa ta yi littafin ƙarya ce zalla, a wancan zamanin babu madubin tsaye, amma ita ma saboda jan biron ta kai ƙarshe.

Na zauna ina murmushi tare da su, gumi yana bin bayana. Yaya, rabin gidajen titin nan akwai yaron da littafinsa ke ɗauke da rubutuna. Uwa ɗaya ce za ta ajiye biyun kusa da juna, shi ke nan na kaɗe.

Me zan yi? Ki amsa mini da wuri, kuma don Allah kada ki karanta wa mijinki wannan.

Ƙanwarki.

*

Ƙanwata Sarkin Gyara,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan tana aikinta. Kowa yana gaishe ki.

Na yi dariya har sai da na ƙware. Ke da ko takardar gayyata aka kawo sai kin ɗiga mata aya! Ban karanta wa kowa ba, amma an tambaye ni abin da ke ba ni dariya, na ce ƙanwata ce ta zama marubuciya.

Ni fa ban ce ki auri littafin ba, cewa na yi ki karanta. Ni abin da ya burge ni a ciki shi ne mai zanen bangon fada, wannan da ke ɓoye wa Gimbiya baitoci a cikin zane. Amma da na gama sai na ce a raina, irin wannan mai daɗin bakin ko gishiri ba zai tuna ya sayo ba. Shekara talatin na yi ina aikin jinya, na ga masu baitoci, na ga masu shiru. Ki tambaye ni waɗanda ke kwana a kan benci a bakin ɗakin marasa lafiya.

Maganar gaskiya kuma, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Gobe ki je shagon, ki ce wa mutumin nan kina son littafin ya zama naki, ki kawo shi gida ki cusa a murhu. Mutane mantuwa gare su, sati biyu sun sami wani abin.

Sai dai akwai abin da kika tsallake. Kin ba ni labarin ƙofar baya, wadda ko a gaban mijinki aka karanta sai dai a yi dariya. Ke ba kya gumi a kan ƙaramin abu. Me kuma kika rubuta?

Ki gaida mini surukina mai tsadar magana.

Yayarki.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri.

Na je shagon kamar yadda kika ce. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Malama, ke ma kin ji labari ke nan? Ai sai ki shiga layi." Ya ce ko nawa ne ba zai rabu da shi ba. Sannan ya ce ba ya ma hannunsa yanzu, don hannun mutane ya cinye shi, bango ya fita, shafuka suna zuba. Ya kai gyara tun ranar Asabar.

Yaya, mutum nawa ne ke ɗinkin littafi a unguwar nan? Ɗaya ne, kuma ni nake wanke masa riga.

Mai shagon har da cewa, "Ki roƙi maigidanki ya ba ki ki leƙa kafin ya kawo, kin ga kin tsallake layi." Na juya na kama hanyar gida.

Kin san yadda yake aikinsa. Ba ya ɗinka littafi sai ya warware shi gaba ɗaya, ya bi shafi ɗaya bayan ɗaya, ya goge duk wani zanen fensir da roba. Babu shafin da ke wuce idonsa. Rubutuna kuwa ya san shi fiye da fuskata, ni nake rubuta masa takardun da yake liƙawa a jikin aikin mutane.

Yau kwana biyar littafin yana shagonsa. Bai ce komai ba. Yana shigowa ya yi sallama, ya ci abinci, ya ce, "Sannu da aiki, Malama." Abu ɗaya ne ya canza. Shekaranjiya ya tashi zai duba ƙofar baya kamar kullum, ya kai tsakar gida, sai ya tsaya, ya dawo ya zauna. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kin tambayi abin da na rubuta. Na rubuta cewa shekara goma sha tara yana kirana Malama kamar ɗan aji uku. Na rubuta cewa ya fi sanin ƙamshin gam a kan na turarena. Inda mai zanen nan ya riƙe hannun Gimbiya na rubuta, "Da ni ce da na bi shi." Wannan duk da sauƙi.

Akwai wurin da ɗan Gimbiya ya rasu, washegari Waziri ya naɗa rawaninsa ya tafi zaman fada. A nan na rubuta: "Nawa shago ya buɗe. Ranar na daina jiran komai daga gare shi."

Rasuwar 'yarmu Ƙarama nake nufi, Yaya. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ɗaga masa maganar ba, sai na je na ba dukan titi suna karantawa suna lasar yatsa suna juya shafi. Har wata ta rubuta a ƙasa, "Wannan ba mutum ba ne." Malamar lissafi ce ta karanto mini da ka, ba ta san da wa take magana ba.

Ba zan iya ci gaba da ajiye masa kwano ina kallon ƙasa ba. An ba da hutun makaranta, 'ya'yanmu maza kuma suna wurin kakarsu. Na ce masa gwiwarki ta matsa, zan zo in duba ki. Ya ce Allah ya sauwaƙe, ya ɗaukar mini jaka har tasha. Ki share mini ɗakin baya, wataƙila ma in riga takardar nan isowa.

Ƙanwarki.

*

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fata kin sauka lafiya, kuma jikin Yaya da sauƙi. Ki miƙa mata gaisuwata da ta maigidanta. Gida lafiya. Famfon tsakar gida da ke ɗiga na gyara shi.

Dalilin wannan takarda maganar aiki ce.

An kawo mini wani littafi, kin san shi. Shafi ɗari uku da goma sha biyu ne, babu wanda ya ɓata. Na warware shi, na goge rubutun fensir duka. Saura na jan biro, wanda roba ba ta ɗauka. Na ƙirga wuri arba'in da ɗaya.

Kafin in zo ga tambayata, akwai abin da ya kamata ki sani. Tun kafin littafin ya zo hannuna na ji labarinsa a wurin mai aski. Ranar muna da yawa a kan benci. Mai gyaran rediyo ya ce matarsa ta hana shi sakat da maganar Mai Jan Biro, har ta fara tambayarsa yaushe rabon da ya yaba girkinta. Mai aski ya ce shi mijin matar yake son gani, a kawo shi ya yi masa aski kyauta ko kansa zai sha iska. Aka yi ta dariya. Ni ma na yi. Har na ce duk namijin da matarsa ta koma hira da takarda, ai hoto ne kawai a gidan. Ni da ba na magana a wurin aski, ranar na yi, kuma aka tafa mini. Bayan kwana uku aka kawo littafin, na buɗe shafi na sha tara.

Shekara ashirin da biyu ina ɗinka littattafai, ban taɓa karanta na labari har ƙarshe ba. Wannan na karanta sau biyu. A karo na farko Waziri nake bi, ina cewa me ya yi? Bai daki kowa ba, bai hana ta komai ba, rufin ɗakinta bai taɓa yoyo ba. Mai zanen kuma ban ga aikin da ya gama ba a duk littafin, bango ɗaya yake shafawa tun farko har ƙarshe. A karo na biyu sai na bi jan biro. Ban ji daɗin abin da na gani ba, amma ban sami inda zan ce an yi wa Waziri ƙarya ba.

Maganar suna, na ɗauka girmamawa ce. Maganar gam, na sayi wani sabulu.

Ga tambayar. In an ɗinka littafi ana sa shi a injin yanka a daidaita bakinsa. In na shigar da wuƙa faɗin yatsa ɗaya, duk rubutun gefe zai tafi, labarin bai taɓu ba. Mai shagon ya ce kada in kuskura, rubutun shi ne kasuwarsa. Ni kuma na ga ba shi ne mai maganar ba, ba kuma ni ba ne. Ke ce.

Ki gaya mini waɗanda fushi ne kawai, da waɗanda gaskiya ne. Na yi masa alkawarin ranar Alhamis ta sama.

Wassalam.
Maigidanki.

*

Baban yara,

Wa alaikumus salam. Na sauka lafiya. Gwiwar Yaya ƙalau take, kai ma ka sani. Ita ce ta miƙo mini takardarka, ta tsaya a kaina sai da na buɗe, sannan ta fita ta ja mini ƙofa.

Na rubuta amsa sau uku ina yagawa. A ta farko cewa na yi duk fushi ne, ka yanke, ka yafe mini, in dawo mu ci gaba kamar da. Ita ce mai sauƙi, kuma na san da ka karɓa ba ka ƙara tambaya ba. Yaya ta gan ta a kan tabarma ta ce, "In za ki yi masa ƙarya, ki yi da fensir, don ya samu ya goge."

To ga gaskiya. Maganar bin mai zane ƙarya ce. Ko a littafin haushi yake ba ni, na rubuta ne don in ji yadda abin yake a hannu. Akwai wasu biyar ko shida da na rubuta don hannuna ya riga ya saba. Sauran kuwa haka nake ji, kuma na daɗe ina ji.

Amma jin abu daban, tallarsa daban. Kai mutum ne da ko tari ba ka so a ji ka yi a waje, ni kuma na ɗauke ka na ajiye a kan bencin mai aski. Ka zauna ana yi maka dariya kana taya su. Ni da nake tsayawa a gaban aji ina cewa kada a yi rubutu a littafin da ba naka ba. Kullum ina ganin kaina a matsayin wadda aka yi wa shiru, ban taɓa lissafa cewa ni ma shirun nake yi ba. Ɗaki ɗaya muke kwana, amma sai da na sami gefen takardar haya sannan bakina ya buɗe. Ka yafe mini wannan, ko da ba yanzu ba.

Ka sa wuƙa ka yanke duka. Ba don ƙarya ba ne, sai don ba na titi ba ne. In mai shagon ya yi faɗa ka turo shi wurina, ni zan gaya masa ko wace ce Mai Jan Biro, in ya so ya buga ganga.

Saura abu ɗaya. Ka amsa maganar suna, ka amsa ta gam, har famfo ka ba ni labari. Wuri ɗaya ne ka bi ta gefensa ka wuce, kuma ka san shi. Da zan iya janye wani abu daga idon mutane, shi zan fara janyewa. Daga idonka kuwa ba zan janye ba. Da muka rasa Ƙarama, gida cike da masu gaisuwa, ni ina kwance a ɗaki ban san inda kaina yake ba, na ji ƙarar makullanka, na ji ka fita. Shekararta shida. Na yi ta ba ka uzuri shekara goma sha ɗaya, har uzurin ya ƙare mini.

Ba na neman baitoci. Ina so in san inda ka tafi da zuciyarka ranar nan. In babu amsa, ka ce babu, zan dawo duk da haka saboda yara, in ci gaba da zama Malama. Amma ina so in sani kafin in hau mota.

Ka duba tukunyar shukar da ke bayan taga, ba ta son rana ta yi mata yawa.

Matarka.

*

Assalamu alaikum.

Na yanke. Mai shagon ya yi faɗa, na ce hannuna ne ya goce. Ba sai kin je ba.

Ranar nan na buɗe shago, gaskiya ne. Na shiga na kulle daga ciki. Na tafi da takardun zanen Ƙarama a cikin riga, waɗanda take liƙawa a bayan ƙofa, don na ji mata suna cewa a kwashe kada ki gani. Guda ashirin da bakwai ne. Na ɗinka su suka zama littafi. Sau huɗu ina warwarewa, don ba na ganin ramin allura. Abin da na iya ke nan, ban iya komai ba bayan shi.

Na so in kawo miki, sai na ga kin fara cin abinci, na ji tsoro. Na ce sai wata mai zuwa. Haka na yi ta cewa.

Yana cikin aljihun tebur na ƙasa. Ban buɗe shi ba tun ranar, kuma ni kaɗai ba zan iya ba.

Motar safe tana isowa ƙarfe goma sha ɗaya. Zan tsaya a tasha ranar Asabar. In ba ki zo ba zan tsaya Lahadi.

Baban Ƙarama.